Ƙurjin da ya ƙi warkewa bayan an cire jijiyar haƙori: a yi tiyata ko a cire haƙorin?

Wata baiwar Allah ta aiko mana da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makarantar firamare ce, shekaruna 34. Shekara huɗu da suka wuce na faɗi daga kan babur, haƙorina na sama na gaba, na biyu daga tsakiya ta hagu, ya karye. An cire mini jijiyarsa a wani asibitin kuɗi, aka sa masa ƙarfe a ciki, aka ɗora masa hula. Na samu lafiya kusan shekara biyu, sai wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi ta saman haƙorin. Yakan kumbura ya fashe, in ji ɗanɗanon gishiri-gishiri da wari a bakina, ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo. Na sha Ampiclox da Flagyl daga kemis ya fi a ƙirga. Yanzu wani likita ya ɗauki hoto, ya ce akwai baƙin tabo a ƙarshen saiwar, kuma sai an yi tiyata an yanke ƙarshen. Maigidana ya ce a cire haƙorin kawai a huta, mahaifiyata kuma ta ce taɓa haƙoran sama yana taɓa ido. Tunda ba ya mini ciwo sosai, ina tunanin ko in bar shi haka. Me kake ba ni shawara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya kuma kiyaye gaba. Zan fara da abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato tunanin barin haƙorin yadda yake tunda ba ya ciwo, domin a cikin hanyoyin da ke gabanki wannan ce kaɗai zan ce miki kai tsaye kada ki bi ta. Ƙurjin da kike gani bakin magudana ne kawai. Ciwon kansa yana can cikin ƙashi, a ƙarshen saiwar haƙorin, inda ƙwayoyin cuta suka kafa sansani, jiki kuma yake ta yaƙi da su yana tara mugunya. Idan mugunyar ta taru sai ta huda ƙashi da dasashi ta samar wa kanta mafita, kuma wannan mafitar ce ta sa ba kya jin zogi, kamar yadda maruru yakan daina zogi da zarar ya fashe. Baƙin tabon da likita ya nuna miki a hoto gurbin ƙashin da ya narke ne, kuma muddin tushen cutar yana nan gurbin ba zai cike ba, sau da yawa ma faɗaɗa yake yi sannu a hankali har ya kai ga saiwar haƙoran da ke maƙwabtaka da shi. Duk ranar da bakin magudanar ya toshe kuwa, ranar ce mutum yakan wayi gari da leɓe da kunci a kumbure.

Maganin da kike saya a kemis ba zai taɓa raba ki da wannan ƙurji ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk ƙwayar maganin da aka haɗiya, jini ne yake ɗaukar ta ya kai ta inda ake bukata, haƙorin da aka cire wa jijiya kuwa babu jinin da yake shiga cikinsa, saboda haka ƙwayoyin cutar da suka laɓe a cikin saiwa suna zaune ne a ɗakin da magani ba shi da ƙofar shiga. Abin da Ampiclox da Flagyl suke yi shi ne su rage waɗanda suka fito waje cikin nama, ƙurjin ya lafa na ɗan lokaci, da kin gama shan maganin sai na ciki su sake fitowa. A kowane zagaye kina gajiyar da cikinki, kina kuma horar da ƙwayoyin cutar jikinki su saba da maganin, ta yadda ranar da za ki bukace shi da gaske zai iya kasa yin aiki. Ki dakatar da shi, sai in likita ne ya rubuta miki saboda kumburi ko zazzaɓi. Haka nan kanumfari yakan kwantar da zafi na ɗan lokaci amma ba ya kaiwa ƙashi, ɗora asfirin a kan dasashi kuwa ƙona shi yake yi, balle ruwan batir da har yanzu wasu suke ɗigawa a haƙori, wanda ɓarnarsa ta fi ta ciwon.

Yana da kyau ki san yadda aka yi haƙorin da aka riga aka yi wa aiki ya sake kamuwa, domin a nan amsar tambayarki take. A aikin cire jijiya, wanda a asibiti ake kira rut kanal, likita yakan huda haƙori ta sama, ya fitar da jijiyar da ta mutu, ya kankare ramin da ke cikin saiwa da wasu siraran ƙarafa, ya wanke shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya toshe shi da wani ɗanko da ake kira guta-faca, wanda asalinsa ƙaron wasu itatuwa ne na yankin Maleshiya. Mafi yawan haƙoran da aka yi wa wannan aiki suna warkewa su yi shekaru masu yawa a baki. Sai dai ramin saiwa ba miƙaƙƙen bututu ba ne. Idan ya doshi ƙarshe yakan rarrabu zuwa ƙananan rassa kamar saiwar gero, waɗansu ma sun fi gashi siranta, babu ƙarfen da zai iya shiga cikinsu. Haƙorin da kika kwatanta kuma, wato na biyu daga tsakiya a sama, an san shi da wata ɗabi'a: ƙarshen saiwarsa yakan ɗan karkata baya, kuma wannan 'yar kwana tana cikin dalilan da suka sa yake yawan ba likitoci wahala. Ƙwayoyin cutar da suka tsira a irin waɗannan lunguna sukan manne da bango su lulluɓe kansu da wani yauƙi da yake kāre su, su yi shiru na wata da watanni kafin su bayyana. Akwai kuma wasu dalilan: cikon bai kai ƙarshen saiwa ba, ko hular tana yoyo yawu yana shiga ta ƙarƙashinta, ko guntun ƙarfen aiki ya karye a ciki, ko ƙwayoyin cutar sun riga sun fita sun zauna a bayan saiwa, ko wata 'yar jakar ruwa ta tsiro a cikin ƙashi, ko kuma saiwar ce ta tsage. Na lissafa miki su ne don ki ga cewa dawowar ciwon ba lalle ba ne ta zama laifin wanda ya yi aikin farko, ko da yake wani lokaci laifin nasa ne.

A ƙa'idar aikinmu, idan rut kanal ya gaza, abin da ake fara dubawa shi ne ko za a iya sake shi ta inda aka shiga da farko, wato a buɗe haƙorin ta sama, a kwashe tsohon ciko, a sake wanke ramin tun daga baki har ƙarshe, a sake toshewa. An fi son wannan ne saboda yana tsabtace ramin gaba ɗaya, alhali tiyata ƙarshen kawai take gyarawa. Binciken da aka tattara ya nuna cewa tiyata takan fi saurin nuna waraka a shekarun farko, amma idan aka bi marasa lafiya na tsawon shekaru, sake aikin ta sama yakan riƙe nasararsa da kyau, musamman inda aikin farko ya kasance mai rauni. Saboda haka idan hotonki ya nuna cikon farko gajere ne, ko akwai giɓi a cikinsa, ko gefen hular ya buɗe, to yanke ƙarshen saiwa kaɗai tamkar share bakin kwata ne a bar dattin da ke cikinta, kuma ni zan ce a sake aikin tukuna, in ya so daga baya in bai warke ba a yi tiyatar.

To amma ke akwai ƙarfe a cikin saiwarki, akwai kuma hula a kai, kuma wannan ya canza lissafin. Kafin a kai ga tsohon cikon ta sama dole a fasa hular ko a ɓamɓare ta, sannan a girgiza ƙarfen a zaro shi daga saiwar da dama siririya ce, ta kuma taɓa shan bugu a hatsari. Ƙwararru suna zare irin wannan ƙarfe lafiya, amma idan dogo ne ko mai kauri, zare shi yana iya tsaga saiwar, a rasa haƙorin a wajen neman ceto shi. Idan cikon da ke gaban ƙarfen yana da kyau a hoto, hular kuma ta zauna daram ba ta yoyo, to irin yanayinki yana cikin waɗanda aka ƙirƙiri wannan tiyata dominsu, kuma shawarar likitanki tana kan hanya. A asibiti za ki ji suna kiran ta afisektomi.

Akwai tambaya guda da nake so a amsa miki kafin ki yarda a taɓa ki da wuƙa, ita ce ko saiwar ta tsage a tsaye. Ina nanata wannan ne saboda abubuwa biyu da suke iya jawo irin wannan tsagewa, wato bugu da kuma ƙarfe a cikin saiwa, duk sun haɗu a haƙorinki, kuma saiwar da ta tsage a tsaye a haƙori mai saiwa ɗaya babu tiyatar da take ceto ta. Likita yana da hanyoyin bincikawa. Yakan zagaya haƙorin da wani siririn ma'auni yana soka shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen wuri ma'aunin ba ya wuce milimita 2 zuwa 3, amma idan a wuri ɗaya tak ya zurma can ƙasa alhali gefe da gefensa lafiya lau, wannan alama ce mai ƙarfi ta tsagewa. Yakan kuma ɗauki siririn tsinken guta-faca ya zura a bakin ƙurjin, ya tura shi a hankali har ya tsaya, sannan ya ɗauki hoto da tsinken a ciki, sai hoton ya nuna daidai inda magudanar ta taso. Abin ba ya ciwo kamar yadda yake a ji, kuma yana da amfani ƙwarai, domin wani lokaci tsinken yakan nuna gefen saiwa maimakon ƙarshenta, wani lokaci ma yakan nuna haƙorin kusa, wanda shi ma ya sha bugu a ranar hatsarin jijiyarsa ta mutu a ɓoye. Don haka ki nemi a gwada haƙoran da ke dama da hagu da shi a tabbatar suna da rai. Inda ake da na'urar hoto mai nuna ƙashi ta kowace fuska, wadda ake kira CBCT, tana nuna girman ramin da kusancinsa da hanci fiye da hoton da aka saba, ko da yake ita ma siririyar tsaga takan ɓace mata, musamman a kusa da ƙarfe. Shi ya sa wani lokaci sai an buɗe ake ganin gaskiya, kuma ya kamata ku yi magana da likitan tun kafin ranar a kan abin da za a yi idan an buɗe an tarar da tsagewa, don kada a nemi shawararki kina kwance baki a buɗe.

Ita tiyatar kanta ba ta kai yadda sunanta yake tsoratarwa ba. A kan kujerar likitan haƙori ake yin ta, idonki biyu, da allurar kashe zafi irin wadda aka yi miki lokacin cire jijiya, kuma a haƙorin gaba yawanci ba ta wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, ki koma gida a ranar. Bayan wurin ya mutu, likita zai yanka dasashi ya ɗaga shi kamar yadda ake ɗaga labule, ƙashin da ke rufe da saiwa ya bayyana. A irin naki da ƙurji ya daɗe yana fashewa, sau da yawa ciwon ya riga ya huda ƙashin, sai dai a ɗan faɗaɗa ƙofar. Daga nan zai kwashe ruɓaɓɓen naman da ya cika ramin, wanda ya kamata a sa a kwalba a aika ɗakin gwaje-gwaje, domin hoto kaɗai ba ya bambance naman ciwo da jakar ruwa ko wani abu daban da ba a zata ba. Sai ya yanke kimanin milimita 3 daga ƙarshen saiwar. Wannan adadi ba da ka aka tsayar da shi ba: masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun nuna cewa yanke milimita 3 yana tafiya da kashi 98 cikin ɗari na ƙananan rassan ƙarshen saiwa da kashi 93 cikin ɗari na ramukan gefe, wato maɓoyar ƙwayoyin cutar. Bayan yankan, yakan shafa wani shuɗin rini a fuskar saiwar ya wanke, duk inda akwai tsaga ko ramin da aka tsallake sai rinin ya maƙale ya fito da shi a fili kamar zanen alƙalami. Idan saiwar lafiya take, zai haƙa ɗan rami mai zurfin milimita 3 a cikin bakin ramin saiwar, ya toshe shi da ciko na musamman, ya mayar da dasashi ya ɗinke. Za ki ji motsi da dannawa da ƙarar inji da ruwa, amma bai kamata ki ji zafi ba, in kuwa kin ji, ki ɗaga hannu a ƙara allura.

A nan akwai abin da ya kamata ki sani ko da ba kowa ne zai gaya miki ba, wato wannan tiyata iri biyu ce, kuma sakamakonsu ya yi nisa da juna. A tsohon salo da ido kawai ake aiki, a buɗe ƙashi da faɗi, a yanke saiwa a karkace, a haƙa da injin huda na yau da kullum, a toshe da cikon azurfa. A sabon salo ana aiki ne a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman abu sau da yawa tare da haske mai ƙarfi, ƙofar ƙashi ƙarama ce, yankan kusan a miƙe yake, ana haƙa ramin da siririn baki mai aiki da girgiza wanda yake bin ramin saiwar daidai, sannan a toshe da irin su MTA. Wannan MTA gari ne ɗan'uwan siminti, wanda Farfesa Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Kaliforniya ya samar a farkon shekarun 1990, kuma fifikonsa shi ne yana daskarewa ko da akwai danshi, jiki kuma yana karɓar sa har nama da ƙashi su tsiro a jikinsa. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya sami nasarar kashi 59 cikin ɗari a tsohon salo, da kashi 94 cikin ɗari a sabon. Ban kawo waɗannan alƙaluma don in ce duk wanda ba shi da babban madubi kada ya taɓa ki ba, domin hannu mai kyau da gilashin ƙara girma da ciko mai inganci suna yin aiki mai kyau, musamman a haƙorin gaba da yake da sauƙin kaiwa. Na kawo su ne don ki san cewa kina da haƙƙin tambaya: da me za a ƙara girman wurin, da me za a toshe ƙarshen saiwar, kuma sau nawa likitan yake yin wannan aiki. Wanda ya ce zai yanke kawai ba tare da ya toshe ba, ki nemi ra'ayin wani. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Idan kina son ra'ayi na biyu, kuma ina ganin ya dace tunda maganar haƙorin gaba ce, manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Maiduguri, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sassan haƙori, ki nemi ganin likitan da ya ƙware a gyaran haƙori da aikin saiwa, ko na tiyatar baki da muƙamuƙi. Duk inda za ki je, ki tabbatar cikakken likitan haƙori ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa zai yi aikin.

Game da maganar Hajiya mahaifiyarki kuwa, ki kwantar mata da hankali cikin ladabi, domin tsoron nata ya daɗe a cikin mutanenmu. Jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙora, kuma yanke ƙarshen saiwa ko cire haƙorin sama ba ya rage gani. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarta ta wata fuskar: ciwon haƙorin sama da aka bari ya ruɓe yana iya bazuwa ya haura gefen hanci har ya kumbura fatar ido, a wasu lokuta ma ya zama barazana ga ido da rai. Ke nan abin da take gudu ya fi kusa da barin ciwon fiye da magance shi. Haɗurran tiyatar na gaskiya ƙanana ne a irin haƙorinki: kumburi, ɗan taruwar jini a ƙarƙashin fata, ɗan mutuwar dasashi na wani lokaci, da kuma yiwuwar dasashin ya ɗan ja baya har gefen hular ya bayyana, wanda yake da muhimmanci ga mai yini tana magana a gaban ɗalibai, saboda haka ki tambayi likita ta inda zai yi yankan. Waɗanda nasu turamen sama ne sukan yi fama da kusancin kogon da ke cikin ƙashin kunci, na ƙasa kuma da jijiyar da take ba leɓe ji, amma waɗannan ba su shafe ki ba.

Shawarar maigida ba wauta ba ce, kuma idan saiwar ta tsage, ko haƙorin yana girgiɗi sosai, ko abin da zai rage na saiwar bayan yanka ya yi gajarta da yawa, to ita ce daidai. Sai dai cirewa ba hutu ba ne kamar yadda ake zato. Da zarar an cire haƙori ƙashin wurin yakan fara shanyewa, musamman a watannin farko, kuma giɓin gaba ba a barin sa. Ko dai a yi miki haƙorin roba na sawa da cirewa, ko a fere lafiyayyun haƙora biyu na gefe a ɗora gada a kansu, ko a dasa ƙarfe a ƙashi a ɗora haƙori, wanda shi ma tiyata ce, ya fi tsada, yana cin watanni, kuma a wurin da ciwo ya cinye ƙashi sau da yawa sai an yi ƙarin ƙashi tukuna. Idan kuka zauna lissafin kuɗi, ku haɗa kuɗin cirewa da na abin da zai maye gurbin, sannan ku kwatanta da na tiyatar. Akwai kuma bambancin da ba na kuɗi ba: in an yi tiyata ba ta yi ba, ana iya cirewa daga baya, amma in an cire babu dawowa.

Kafin ranar aikin, ki gaya wa likita duk abin da ya shafi lafiyarki, ko da kina ganin ba shi da alaƙa da baki. Ciwon suga da ba a daidaita ba yana jinkirta waraka, hawan jini yana bukatar a auna a saita, masu sikila suna da tanadi na musamman, haka masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin, waɗanda bai kamata su dakatar da shi da kansu ba. Idan kina da juna biyu ko kina zato, ki faɗa tun kafin a ɗauki hoto, domin aikin da ba na gaggawa ba akan tsara lokacinsa. Ki ci abinci kafin ki tafi, ki kuma zaɓi ranar da za ki sami hutun kwana biyu ko uku daga aji.

Bayan aikin, kumburi yakan ƙaru ya kai ƙololuwarsa a rana ta biyu ko ta uku kafin ya fara saɓewa, don haka kada ki firgita idan kin ga leɓenki ya fi girma a washegari. A ranar farko ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki riƙa ɗorawa a kan leɓe ta waje, minti 20 ki ɗauke minti 20, ki kuma kwanta da kai a ɗage. Farasitamol da ibufurofen yawanci sun isa, sai dai mai gyambon ciki ta sanar da likita kafin a ba ta na biyun. Kada ki kurkure baki da ƙarfi a ranar. Daga washegari ki fara da ruwan ɗumi da ɗan gishiri a hankali bayan kowane cin abinci, ko maganin kurkure baki da aka rubuta miki. Ki ci abu mai laushi wanda ya huce, irin su kunu, fura da nono, fate da ƙwai, ki ajiye rake, aya, goro da kilishi har sai an ba ki izini. Ki ci gaba da goge sauran haƙoranki, amma buroshi da asuwaki kada su taɓa wurin ɗinkin. Abin da ya fi ɓata mana aiki kuwa ƙaramin abu ne: mara lafiya ta tsaya gaban madubi ta ɗaga leɓe don ta ga yadda wurin yake, ko ta ɗaga wa 'yan dubiya su gani, sai zaren ya ja ɗinkin ya buɗe. Ki bar leɓen ya huta har ranar cire zare, wadda yawanci ba ta wuce mako guda.

Ƙurjin ya kamata ya ɓace cikin 'yan makonni, amma ƙashi ba ya gaggawa. Yakan ɗauki watanni kafin ramin ya cike, shi ya sa ake sake hoto bayan kamar wata shida da kuma shekara guda, a kwatanta da na farko, in akwai shakka a ci gaba da bibiya na wasu shekaru. Wani lokaci babban rami yakan warke da tabon nama ya bar ɗan duhu a hoto wanda ba ciwo ba ne, kuma likitan da ya ga hotunan a jere ne kaɗai zai iya bambancewa. Idan ƙurjin ya dawo bayan tiyata, mafi yawan lokuta tsagar da ba a gani ba ce ko yoyo ta ƙarƙashin hula, sai a zauna a duba ko a sake ko a cire.

Kafin ki kai ga ganin likitan, idan kumburi ya haura zuwa ƙasan ido, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko buɗe baki ko haɗiya ko numfashi ya yi wuya, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi sashen gaggawa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne. Ranar zuwa kuma ki tafi da hoton da aka ɗauka kwanan nan, da na lokacin aikin farko idan asibitin da ya yi zai ba ki, da kwalayen magungunan da kika sha, kuma in da hali maigida ya raka ki, domin ya ga hoton da idonsa ya yi wa likitan tambayoyinsa.